Tsatsar Takobin Saje Kaumi

Ranar wata Juma'a da hantsi, a tsakiyar damina, Alhaji Muhammad Nur ya buɗe ɗakin marigayi mahaifinsa ya tarar da kube a rataye jikin ƙusarsa, babu takobi a ciki. Ya yi salati sau uku, na ukun ya fi na farkon ƙarfi. Kafin a kira sallar Juma'a babu wanda bai ji labarin ba a Roni.

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san takobin nan, ko da bai taɓa sa shi a ido ba. Saje Kaumi, mahaifin Alhaji, ne ya zo da shi daga yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Ba irin namu miƙaƙƙe ba ne. Yana da ɗan lanƙwasa, bakinsa ɗaya, an naɗe ƙotarsa da zare. Saje bai taɓa yarda a kira shi ganima ba. Ya ce a bakin wani rafi ya sami wani saurayin sojan Japan kwance cikin jini, ya ɗebo ruwa a hularsa ya ba shi. Saurayin ya tura masa takobin, yana nuna ƙotar da yatsa, yana magana da harshen da Saje bai ji ba, har rai ya yi halinsa. Saje ya shekara hamsin yana cewa amana ce aka ba shi bai san ta wa ba. Da ajalinsa ya zo, babbar 'yarsa Iya Kellu ya kama wa hannu, ya ce mata ko bayan ransa ne a mayar wa mutane kayansu.

Sai bana aka sami hanya. Jalaluddeen, ɗan Alhaji, malamin makaranta, ya haɗu da wani Dakta Ahmad a Kano wanda ya yi karatu a Japan. Dakta ya ce maƙeran can suna zana sunansu a jikin ƙarfen da ke ɓoye cikin ƙota. Ya ce akwai gidaje uku da 'ya'yansu suka tafi Bama da irin wannan takobi ba su dawo ba, kuma kowane gida ya san sunan maƙerin nasa. Idan aka karanta rubutun, an san gidan. Ranar Litinin zai zo ya karanta, sai ga shi ranar Juma'a babu takobi.

Ba mu ɓata lokaci wajen neman ɓarawo ba, don mun riga mun same shi a bakinmu. An ga Sama'ilu maƙeri ya shiga gidan ranar Laraba, an tambaye shi abin da ya kai shi ya ƙi faɗa. 'Yan sintiri suka ja shi da wuyan riga zuwa zauren mai unguwa, wani ya kwara ruwa a wutar maƙerarsa. Ina cikin waɗanda suka ce ai dama idonsa bai kwanta musu ba. Na faɗa, kuma har yau in na tuna kunya nake ji.

*

Alhaji ba ya son 'yan sanda su cika masa gida ga baƙo na tafe, don haka mai unguwa ya aika Kazaure aka ɗauko Lauwali Mai Sawu. Dattijo ne siriri wanda ya shekara arba'in yana bin sawun shanun Fulani da aka sace. Kullum kansa a ƙasa yake, har ana tsokanarsa da cewa bai san fuskar matarsa ba sai dai dugaduganta. Ya iso bayan La'asar, ya gaisa a taƙaice, ya ce kowa ya tsaya inda yake.

A ɗakin Saje sawu iri uku ya gani: na Alhaji, da takalmin taya na maƙeri, da ƙafar tsohuwa. Alhaji ya ce ta yayarsa Iya Kellu ce, ita ke share ɗakin tun rasuwar tsoho. Lauwali ya daɗe yana kallon kuben.

"Alhaji, in kai ne za ka saci takobi, za ka bar masa rigarsa?"

"Ni ban taɓa sata ba, Malam Lauwali."

"Allah ya kiyaye," in ji Lauwali, ya fita.

A bayan gidan akwai wata ƙaramar ƙofa da ke fita lungu. An yi ruwa daren Laraba, lakar wurin ta kama duk abin da ya taka ta da safiyar Alhamis, rana kuma ta busar da shi. Ya tsugunna. Ƙafar tsohuwa ce ta fita, gefenta ga ɗigon sanda a hagu, har bakin titi. Aka ce masa ai Iya ce ta tafi Gwiwa wajen 'yarta Saude ranar kasuwa, kowa ya sani. Lauwali ya nemi iso wajenta.

Ya same ta zaune a kan kujerar tsugunno a ƙofar ɗakinta. Shekarunta sun kusa tamanin, amma idonta tar yake. Kwanoninta na jere a kan gini suna ɗaukar ido. A unguwarmu in an ce abu ya fita fes, da kwanon Iya Kellu ake kwatanta shi. Suna cikin gaisawa matar Jalaluddeen ta zo wucewa da tukunyar da ta aro a gidan Shatu maƙwabciyarsu. Iya ta ɗaga kai.

"Ke, juyo min gindinta. Haka za ki mayar wa mutane kayansu, baƙi ƙirin? A gidan nan?"

Yarinyar ta koma bakin rijiya da toka da soso. Iya ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta sunkuyar da kai tana kallon tafin hannunta.

"Iya, yaushe rabonki da ganin takobin?" Lauwali ya tambaya.

"Na tsufa, ɗan nan. Kwanaki sun cakuɗe min."

"Sama'ilu fa, wajen wa ya zo?"

"Ka tambaye shi." Ta ɗago kai. "Sun dake shi?"

"Sun ɗan taɓa shi."

Ta rufe fuska da gefen mayafi. Lauwali ya ɗauka tausayin tsofaffi ne, ya yi sallama.

*

Sama'ilu na zaune a kusurwar zauren mai unguwa, leɓensa a kumbure. Mutum ne mai shekara hamsin da wani abu, gadon ƙira ya yi, kuma tun zamanin ubansa gidansu ke shafa wa takobin mai kafin babbar sallah.

"Ka shiga ɗakin ranar Laraba," in ji Lauwali.

"Na shiga."

"Ka zare ƙotar?"

"Na zare. Ɗan fegi ne na gora ya riƙe ta, in ka tura shi da tsinke sai ta zame."

"Ka ga rubutun?"

Sai a nan fuskar maƙerin ta saki. "Na gani, Baba. Tun ina yaro nake ganinsa. Zane biyar ne a jere daga sama zuwa ƙasa, cikin baƙar tsatsa. Ba na iya karantawa, amma na san hannu. Wanda ya yi aikin nan ya fi ni, ya fi ubana."

"To wa ya sa ka zare?"

Sama'ilu ya kalli ƙasa.

"Sama'ilu, damina ce. Garma da fartanyar mutane na jiranka, ga wutarka a mace. In ka yi shiru, Litinin za a miƙa ka."

"A miƙa ni. Abu ɗaya zan gaya maka. An nemi in yi wani aiki na ƙi. Mu maƙera ba ma taɓa alamar wani maƙeri, ko ya mutu, ko ba mu san garinsa ba. Daga nan kada ka ƙara tambayata."

Lauwali ya fito yana jin haushi. Ya gaya wa mai unguwa cewa ya fi son bin sawun saniya, don ita ba ta rufa wa kowa asiri.

*

Da safiyar Asabar wata sabuwar magana ta taso. An tuna cewa wani dillalin tsofaffin kaya daga Babura, ana ce masa Kawu, ya zo gidan sau biyu yana neman a sayar masa da takobin, kuma an ga Jalaluddeen yana raka shi har tasha suna ƙus-ƙus. Masu zargin Sama'ilu jiya suka rabu biyu, rabi suka koma kan yaron gida. Lauwali ya tare shi a ƙofar makaranta.

"Wallahi Baba, haƙuri na ba shi," in ji Jalaluddeen, idonsa ya yi ja. "Shekara biyu ina wahalar neman mutanen nan. A ɗaya daga cikin gidajen akwai wata tsohuwa, tana goye ubanta ya tafi yaƙi, ba ta san fuskarsa ba. Dakta ya ce ba ta da lafiya, kullum tana tambaya ko an karanta. Ni zan sayar?"

"Ka ɗauki hoton rubutun?"

Ya girgiza kai. "Dakta ya hana a buɗe. Ya ce kada a taɓa, kada a goge komai, sai ya zo."

"Wa ka gaya wa haka?"

"Baba Alhaji. Mun yi maganar a zaure."

"Mata fa?"

Jalaluddeen ya dube shi da mamaki. "Me ya haɗa mata da takobi?"

Lauwali ya hau motar Babura duk da haka, don bai saba barin sawu a rabi ba. Ya sami Kawu a rumfarsa bayan kasuwar hatsi, cikin tsofaffin butocin tagulla da linzamai, yana ciniki da wasu mutanen Nijar. Da ya ji abin da ke tafe da baƙonsa sai ya yi dariya har da dafa ciki.

"Malam, ka ce an bar kube? To ba ɗan sana'armu ba ne. Mu ko igiyar da aka rataye shi ba za mu bari ba. Ni na so shi, ban ɓoye ba, amma na saya nake so."

"In ya zo hannunka me za ka fara yi masa? Wanki?"

Dariyar ta ɗauke. "Wanki? Allah ya tsare. Masu sayen irin wannan, baƙar tsatsar cikin ƙota suke fara dubawa, ita ke nuna shekarunsa, a cikinta sunan yake kwance. Wanda ya goge ta ya kashe takobin. Mutanenmu ne ba su sani ba. Sau nawa ake kawo min butar kakanni an dirje ta da tsamiya tana walƙiya, wai an gyara min."

Lauwali ya shiga motar dawowa Roni. Maganar maƙeri ce ke masa yawo a kai, cewa an nemi ya yi wani aiki ya ƙi.

*

Ya iso Roni ana shirin Magariba, ya tsaya a tsakar gidan kamar mai jiran Alhaji. Iya Kellu ta tashi za ta yi alwala. Jiya a zaune ya gan ta, yau ne ya fara ganin tafiyarta. Sandarta na hannun dama, tana dogara ta da ƙarfi, don ƙafar hagun ce mai ciwo. Ya koma lungu ya sake tsugunnawa a kan busasshiyar lakar. Ɗigon sandar a hagu yake, kuma bai nutse sosai ba. Tsohuwa ba ta sauya wa sandarta hannu sai in hannun da ta saba da shi na riƙe da abin da ba ta yarda ya faɗi ba.

Ɗan acaɓan da ya kai ta Gwiwa ya ce tabarma ce naɗaɗɗiya ta rungumo, ta hana shi ɗaurewa a baya. Ranar Lahadi Lauwali ya je gidan Saude.

"Iya ta kawo miki tabarma?"

"Tabarma? Ta zo da ita dai, ta koma da abarta. Ko zama kirki ba ta yi ba, ta ce tana da saƙo a kasuwa."

A bakin kasuwar akwai mai injin wasa wuƙaƙe da gatura. Bai ko jira an gama tambayarsa ba.

"Tsohuwar nan mai tsafta? Ai ba zan manta ta ba. Ta ce bakin takobin lafiyarsa lau, gindin ne ya yi baƙi, kuma masu shi za su karɓi kayansu, ba ta son su ce an wulaƙanta musu. Na goga, ta ce saura. Na ƙara, ta ce ga wasu ramuka nan datti ya maƙale a ciki. Na danna shi a dutse sai da ya yi sumul. Ta yi ta sa min albarka." Ya dubi fuskar Lauwali. "Lafiya dai, Baba?"

Lauwali ya sha kama ɓarayi, kuma duk ranar da ya kama yana cin tuwonsa da daɗi. Ran nan a Gwiwa aka kawo masa fura ya kasa sha.

*

Litinin da hantsi aka taru a zauren Saje Kaumi. Ga mai unguwa, ga Alhaji da ɗansa, ga Dakta Ahmad da ya iso da jakarsa bai san abin da ake ciki ba. An kawo Sama'ilu, an kira Kawu daga Babura. Mu kuma 'yan kallo mun toshe ƙofa, kowa na jiran a ambaci sunan wanda ya ci amana.

Lauwali ya fara da Kawu, ya ce ɗan kasuwa ba ya barin kube. Ya ce Jalaluddeen ba shi da laifin sata. Sannan ya juya ga maƙeri.

"Wannan kuma, da kuka kashe wa wuta, an ce ya goge tsatsa ya ƙi. Ya san wanda ya ɗauka tun ranar farko. Ya zaɓi a fasa masa baki da ya kira sunan wadda ta goya shi."

Alhaji ya ce, "To wane ne ɓarawon?"

"Ban sami ɓarawo ba, Alhaji. Na bi sawu daga ƙofar baya har Gwiwa na dawo, ban ga inda sata ta taka ba."

Sai muka ji ƙarar sanda daga cikin gida, a hankali, tana matsowa. Iya Kellu ta shigo da tabarmar a rungume, sandar a hannun hagu. Ba a saba ganinta a zaure ba, maza suka yi ta jan jiki suna ba ta wuri. Ta durƙusa da ƙyar, ta warware tabarmar a gaban ƙaninta. Ga takobi, ga ƙota a gefe, ga ɗan fegin gora an ƙulle shi a tsumma don kada ya ɓata. Gindin ƙarfen fari fat, yana sheƙi kamar sabon cokali.

Dakta ya ɗauka, ya juya shi, ya sake juyawa. Ya cire tabarau ya ajiye a cinyarsa.

"Yaya," in ji Alhaji. "Yaya, me kika yi?"

"Na wanke musu ne." Ba ta ɗaga kai ba. "Baba ya ce a mayar. Shekara tamanin kayan mutane na hannunmu, in mayar da shi baƙi? Uwarmu ko ludayi ta aro sai ta dirje shi. Na ɗauka ramukan nan cin tsatsa ne. Ba wanda ya gaya min suna ne. Sama'ilu ya ce alamar maƙeri ce, na ce a raina camfin maƙera ne." Ta ja numfashi. "Na dawo ina murna. Ina shigowa na ji Jalalu a waya da baƙon nan, yana cewa rubutun nan shi kaɗai gare mu. Na shiga ɗaki na buɗe tabarma, na shafa, na shafa, babu komai."

Jalaluddeen ya kifa kai a gwiwa. "Gwaggo, ni ne ban gaya miki ba. Ke aka bar wa wasiyyar, ni kuma ban gaya miki ba."

"Wannan kuskure ne," in ji ta. "Laifina daban yake." Ta juya, ta ja gwiwa har gaban maƙerin. "Ina ji suna janka, ina ji kana salati, na yi shiru. Kwana uku. Ka yafe min, Sama'ilu."

Sama'ilu ya zabura ya sauka ƙasa da ita. "Haba Iya, tashi. Don Allah tashi, kada ki sa in shiga uku." Yana faɗa yana kuka, ƙato da shi. Mu da ke bakin ƙofa kowa ya nemi inda zai sa idonsa.

Can Sama'ilu ya share fuska, ya miƙa hannu aka ba shi ƙarfen. Ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana karkata shi.

"A samo min ruwan batir da auduga da toka mai laushi," ya ce. "Inda aka sari ƙarfe, cikinsa yana matsewa har ƙasa. In dutse bai ci da zurfi ba, wani lokaci inuwar tana tasowa."

Aka ruga aka kawo. Ya murza toka, ya share, ya ɗiga ruwan da auduga, ya jira. A hankali, kusa da sama, wani duhu-duhu ya fara fitowa, layi ya haɗu da layi. Zane ɗaya ya bayyana, na biyu ya biyo shi. Dakta ya matso da gilashinsa har hancinsa na taɓa ƙarfen.

"Na farko sunan gari ne," ya ce. "Na biyu yana nufin mazaunin garin. Sunan mutumin yana ƙasa. Ci gaba, Malam, ci gaba."

Sama'ilu ya ɗiga a ƙasa, ya jira. Ya goge, ya sake ɗigawa. Sau biyar yana yi. A nan ne ramukan suka fi zurfi, a nan ne Iya ta ce a ƙara dannawa. Ƙarfen ya yi toka-toka, bai nuna komai ba.

"Sunan garin bai isa ba?" Alhaji ya tambaya.

Dakta ya girgiza kai. "Garin maƙera ne, ranka ya daɗe. A lokacin yaƙin sun fi ɗari biyu. Duk gidajen nan uku, a garin aka ƙera nasu."

"To a ba tsohuwar," in ji Iya da sauri. "Marar lafiyar. A ba ta kawai."

"Na so haka, Iya. Amma ita da kanta ta ce ba za ta karɓi na uban wani ba. Ta ce in ba a tabbatar ba, a bar shi inda yake."

Iya ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda ta san mai maganar. "Haka ne. Ni ma da haka zan ce." Ta dubi maƙerin. "Sama'ilu, tsatsar za ta dawo?"

"Za ta dawo, Iya."

"Da rubutun?"

Sama'ilu ya mayar da ƙotar, ya kwance tsumman, ya tura ɗan fegin a raminsa.

*

Lauwali ya ƙi karɓar ko goro. Alhaji ya raka shi bakin titi yana ta godiya, shi kuwa kansa a ƙasa kamar kullum. Abin da ya ce kawai shi ne, da ya san inda sawun nan zai kai shi da ya ce ba ya gida.

Washegari mutanen unguwa muka kai wa Sama'ilu gawayi, muka tsaya har ya hura wutarsa. Bai yi mana gori ba, wanda ya fi gorin ciwo. Dakta ya rubuta wa gidajen uku abin da ya faru, bai ɓoye komai ba. Kafin a yanke gero saƙo ya zo cewa tsohuwar can ta rasu. Jalaluddeen ya yi kwana biyu yana juya maganar, sannan ya shiga har ɗaki ya gaya wa gwaggonsa, don ya yi rantsuwa ba zai ƙara ɓoye mata komai ba. Ta tambayi sunan matar, ya faɗa, ta maimaita sau biyu har bakinta ya iya.

Takobin na nan a ƙusarsa. Iya Kellu na nan da ranta, tana share ɗakin kowace safiya, ba ta ɗaga kai ta dubi bango. Kwanoninta sun daina ɗaukar ido. Ran nan ta aro tukunya a gidan Shatu ta dafa ganyen magani, da yamma ta dogara sandarta ta mayar da ita da kanta, gindin baƙi ƙirin. Shatu ta karɓa da hannu biyu, ta juya baya don kada Iya ta ga idonta.